Agogon masallacin unguwarmu da zafin Afrilu

Ranar da Baba Ladan ya tare ni bayan la'asar ya ce "Yaro, wannan agogon naka fa sauri yake, ko mota zai shiga?" dariya kawai na yi, na ce masa Baba ai kwamfuta ce a ciki, ba ta kuskure. Ya kalle ni, ya kalli tsohon agogon roba da ke hannunsa wanda inaga ya girmi wasu jikokinsa, bai ce komai ba ya wuce. Da daddare na ciro waya na tsaya gaban allon agogon da na haɗa wa masallacinmu na gwada, wlh shi ne da gaskiya, kwana shida kacal da kafawa amma agogona ya yi gaba da kusan minti takwas.

Bari in fara daga farko. Kwamitin masallacinmu ne suka so a sa irin allon nan mai jan rubutu da ke nuna lokutan sallah, da aka ji kuɗin na kanti sai jikin kowa ya yi sanyi, ni kuma da karambanina na ce a bar min zan haɗa. Na samo bod irin na Arduino Uno, ƙaramar kwamfutar nan da ake zuba wa kod, amma na kwaikwayo, da allon LED guda biyu, da fawa saflai mai bolt 5, mai walda ya yi min akwatin ƙarfe muka zuba komai a ciki muka rufe ruf saboda ƙura. Lissafin lokutan sallar bai ba ni wahala ba, akwai shi a shirye, ka ba shi inda garinku yake da kwanan wata ya fitar maka. Inda na raina shi ne ƙirga lokacin kansa, na ce ai millis() na nan, mai ƙirga milisakan a cikin kod, duk sanda ya cika 1000 sai in ƙara sakan ɗaya, shi kenan. To ɗan hakin da ka raina.

Abin da ban sani ba a lokacin, wancan ɗan ƙaramin abu da ke kusa da ATmega328P (IC ɗin da ke zaman ƙwaƙwalwar bod ɗin), wanda ke ba shi bugun miliyan 16 a sakan, ba kiristal na dutsen kwaz ba ne, rezoneta ce ta tangaran mai irin aikinsa, kuma masu yin ta ma ba su ɓoye ba, sun rubuta cewa tana iya kaucewa da kusan kashi 0.5 cikin ɗari. Ka ji 0.5 kamar ba komai ko? Rana ɗaya sakan 86,400 ce, rabin kashi ɗaya cikin ɗari nata ya kama sakan 432, wato minti bakwai da ɗoriya kullum. Ashe ma tawa mai kirki ce da take ƙara minti ɗaya da 'yan sakanni. Ba laifinta ba ne, ba don ƙirga lokacin sallah aka yi ta ba, an yi ta ne don kod ya gudana kuma siriyal, layin da bod ke tura rubutu ta kansa, ta yi magana da kwamfuta ba tare da rubutu ya koma shirme ba, kuma wannan aikin tana yin sa. Da a ce agogon cikin IC ɗin na yi amfani da shi, wato na RC mai bugu miliyan 8 da ba ya buƙatar kiristal, da abin ya fi haka muni, don daga kamfani kashi 10 cikin ɗari aka yarda ya kauce, in ka zauna ka saita shi da OSCCAL, wurin gyara gudunsa, ka samu kashi 1, wanda shi ma minti 14 ne a rana, kuma yana motsi in zafi ya canza ko batir ya yi ƙasa.

Nan ne na fara sanin ppm, wato kashi ɗaya cikin miliyan, kuma duk wanda zai yi harkar nan gara ya haddace wannan lissafin kamar lambar wayarsa: ppm 1 shi ne sakan 0.0864 a rana, kusan sakan 2.6 a wata, kusan sakan 31 da rabi a shekara. In an ce maka kiristal ppm 20 ne, to nufinsu sakan 1.7 a rana, minti goma da rabi a shekara. Rezonetata kuma wajen ppm 900 take, ka ga ba a aji ɗaya suke ba sam.

Sai na yi abin da kowa ke yi, na sayo ƙaramin bod na RTC, wato IC mai riƙe lokaci, mai lamba DS1307, da batirinsa irin na kwabo, da ɗan kiristal ɗin nan mai kama da ƙwayar shinkafa ta azurfa. Wannan ya kashe matsala biyu lokaci guda, ko an ɗauke wuta lokaci ba ya ɓata, kuma kuskuren ya sauko daga minti zuwa sakanni. Wannan kiristal ɗin 32,768 yake bugawa a sakan, kuma ba haka kawai aka zaɓi lambar ba, in ka raba ta biyu sau 15 a jere za ta dawo 1 cif, sai ya zama da 'yan rabe-rabe masu sauƙi an samu sakan ɗaya. In ka fasa gwangwanin (na fasa guda ɗaya da filaya don son gani) za ka tarar da wani siririn dutsen kwaz mai yatsu biyu, wuta na taɓa shi sai ya yi rawa, rawar kuma ta haifar da wuta. Wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan halin nasa a 1880, a 1927 aka yi agogon kwaz na farko a Bell Labs na Amurka, sai a Disambar 1969 Seiko ta fito da na hannu. Wato irin abin da ke cikin agogon Baba Ladan ne na sa a nawa, na ce to yanzu mun yi kunnen doki.

Lokacin hunturu ne, ƙarshen Disamba. Na sa ido sati biyu na ga yana ƙara wajen sakan biyu kullum, kuma kusan daidai yake ƙarawa ba ya canzawa. Na ji daɗi sosai don irin wannan kuskuren mai sauƙi ne, sai na rubuta a kod cewa duk ƙarfe biyun dare a cire sakan biyu. Janairu lafiya, Fabrairu lafiya, har na fara cika baki a majalisa.

Azumin 2023 ya kama ƙarshen Maris zuwa Afrilu, duk wanda ke Kano ya san abin da ake nufi da Afrilu, rana tana haura digiri 40 a inuwa. Wajen goman ƙarshe wani daga cikin masu zuwa da waya a hannu ya ce min allon yana baya da fiye da minti ɗaya. A wata na daban ba wanda zai kula da minti ɗaya, amma a azumi mutum yana riƙe da dabino yana kallon allo, minti ɗaya shekara ce, kuma ni abin da ya fi tayar min da hankali ba magariba ba ce, asuba ce, don agogon da ke baya yana nufin wani na iya ci gaba da sahur bayan lokaci ya shiga, kuma da hannuna na kafa shi. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Da na zauna da takardar bayanin irin wannan kiristal ɗin sai komai ya fito fili. An yanka shi ne ya fi sauri a wajen digiri 25, daga nan ko ka hau ko ka sauka raguwa yake yi, duka ɓangarorin biyu, sanyi ya rage masa gudu zafi ma ya rage masa gudu. Kuma ba a miƙe raguwar take tafiya ba, lissafin shi ne ka ɗauki tazarar da ke tsakaninka da 25, ka ninka ta da kanta, sannan ka ninka da kusan 0.034, abin da ya fito shi ne ppm ɗin da ka rasa. A digiri 15, irin sanyin safiyar hunturu, tazara 10 ce, 100 sau 0.034, ppm 3.4 kawai, ba komai. A 35 ma haka. Amma a 45 tazara ta zama 20, ka rasa ppm 13.6. A 50 ka rasa ppm 21, sakan 1.8 kenan a rana, kusan minti ɗaya a wata. A 55 ya haura ppm 30. To yanzu tuna inda na ajiye shi: akwatin ƙarfe a rufe ba ko huda, an kafe shi can sama kusa da kwano a bangon da rana ke duka da yamma, ga fawa saflai na hura zafi a ciki, ga allon LED shi ma da nasa ɗumin. Na sa ma'aunin zafi a ciki da azahar na ga ya wuce 50, kuma ko da dare ba ya saurin hucewa. Wato a hunturu akwatin yana yawo kusa da 25, sakan biyun da nake cirewa daidai ne, da bazara ta shigo zafi ya riga ya cinye sakan biyun da kansa, ni kuma kod ɗina bai sani ba yana ta ƙara cire wasu biyun kullum ƙarfe biyun dare. Ni da zafi muka haɗu muka ja agogon baya.

Shi kuwa agogon Baba Ladan a ɗaure yake a hannunsa dare da rana, jikin mutum yana riƙe masa ɗumi kusan iri ɗaya, ba ya nisa da inda aka yanka shi ya zauna, ga shi an saita shi tun daga kamfani. Shi ya sa agogon roba na 'yan kuɗi kaɗan ya kayar da "kwamfutata" har sau biyu.

Abin da na fahimta daga nan, kuma shi ne dalilin wannan dogon surutun, kuskuren agogo kala biyu ne kuma maganinsu daban. Akwai na zaune, wanda aka haifi kiristal ɗin da shi ko kai ka jawo masa wajen haɗawa, wannan in ka auna shi sau ɗaya lamba ɗaya ta isa ta kashe shi. Akwai kuma mai yawo, wanda ke bin zafi, wannan lamba ɗaya ba za ta taɓa riƙe shi ba, in ka gyara na Janairu ka ɓata na Afrilu. Yawancin abin da za ka gani mutane na cewa "kawai ka ƙara sakan kaza a kod" na farkon suke magani, kuma a ƙasar da ɗaki ke zama kusan digiri 20 zuwa 25 duk shekara hakan ya ishe su. Mu nan bai isa ba.

Shi na zaunen ma akwai abin lura. Kowane kiristal an yi shi ne da nauyin kapasita da yake so ya gani a ƙafafunsa, ana auna nauyin da pF, na agogo galibi pF 12.5 ne ko pF 6. DS1307 mai 12.5 yake so, ɗan'uwansa DS1302 kuma mai 6. In nauyin da ke kansa bai kai abin da yake so ba sai ya yi sauri, in ya wuce sai ya yi nawa, kuma a kan gwangwanin ba a rubuta ko wanne ne, to mai haɗa bod na araha duk wanda ya samu a buhu shi zai liƙa. Ga dogayen wayoyi, ga dattin dalma da ba a wanke ba, ga burodbod, allon gwajin nan mai ramuka, wanda tsakanin layi da layi ma akwai ɗan pF nasa, duk suna shiga lissafi. Kuma dan Allah kar ka ɗora bakin osiloskof, na'urar duba bugun wuta, kai tsaye a ƙafar kiristal ka ce za ka auna, shi kansa bakin yana da nasa pF ɗin, kana taɓawa ka canza abin da kake aunawa, wani lokacin ma ya tsaya cak. Ta ƙafar fitarwa ake aunawa, inda IC ya riga ya ƙarfafa bugun.

Maganin mai yawon kuma, hanyar da na bi daga ƙarshe ita ce DS3231. Wannan IC ɗin kiristal ɗinsa a cikin cikinsa yake, an rufe su tare da ma'aunin zafi, duk sakan 64 sai ya auna zafin da yake ciki, ya duba teburin da aka zuba masa a kamfani, ya ƙara ko ya rage 'yan ƙananan kapasitoci a kan kiristal ɗin don ya dawo da shi hanya. Alƙawarin da ke takardarsa ppm 2 ne tsakanin digiri 0 da 40, kusan minti ɗaya a shekara kenan, daga can zuwa 85 kuma ppm 3.5, wanda bai kai minti biyu a shekara ba. Ka lura fa, 40 ɗin nan da suka sa a matsayin iyakar mai kyau mu nan zafin inuwa ne a Afrilu, don haka ko da shi ba ka da uzurin barin akwati a gasa. Ta waya biyu yake magana da bod, hanyar da ake ce wa I2C, adireshinsa 0x68 daidai da na DS1307, don haka canjin bai ci min awa ɗaya ba.

Abu biyu ne zan ja kunne a kansu. Na farko ka duba rubutun da ke bayan IC ɗin kafin ka biya, akwai DS3231SN akwai DS3231M. Mai M ɗin ba kwaz ba ne a ciki, wani ɗan abu ne na silikon, ya fi jure faɗuwa da girgiza amma ppm 5 ne alƙawarinsa, wajen minti biyu da rabi a shekara. Ba jabu ba ne, kawai dai ka san abin da ka saya. Na biyu, irin ƙaramin bod ɗin da ya cika kasuwa yana zuwa da dayod da rizisto guda da ke tura wuta cikin batir, an yi shi don batir mai caji LIR2032, amma mu CR2032 muke samu wanda ba a cajinsa, in ka ba bod ɗin bolt 5 to kullum ana ɗura masa wutar da bai nema ba. Nawa na farko wata uku na tarar ya kumbura kamar ƙosai. Ka sa ayan na dalma ka cire rizistan ko dayod ɗin, minti ɗaya ne.

To amma bayan abin da ya same ni sau biyu na daina yarda da takarda, na ce sai na auna da kaina. Nan kuma tambaya ta taso, da me za ka auna agogo in ba da agogon da ya fi shi ba? Hanyar talaka tana aiki kuma ba ta cin ko sisi: ka saita shi da agogon intanet a waya, ka bar shi kwana goma, ka dawo ka duba. In idonka na iya kama rabin sakan, to kwana goma sakan 864,000 ne, ka auna shi kenan zuwa kusan ppm 0.6. Matsalar kawai haƙuri, duk gyara ɗaya sai ka jira wasu kwana goman, kuma ba za ta nuna maka bambancin rana da dare ba don duk ta cakuɗa su.

Sai na ari ƙaramin GPS, NEO-6M, wajen wani abokina mai harkar na'urar bin sawun mota. Mutane sun san GPS da nuna wuri, amma asalinsa agogo ne, taurarin ɗan'adam nasa suna ɗauke da agogon atom, kuma wannan ɗan bod ɗin in ya kama su yana fitar da bugu ɗaya duk sakan, ana ce masa PPS, wanda kaucewarsa 'yan gomomin nanosakan ce. A kan nawa ba a fito da ƙafar ba, ta tafi ne wajen ɗan LED ɗin da ke ƙiftawa, sai na liƙa siririyar waya a nan. Na ɗauko wani bod daban don aunawa, saboda laibirarin allon LED ya riga ya mamaye Timer1, maƙirgin da nake buƙata, a na masallacin, na sa PPS a ƙafa ɗaya, na sa bugun sakan-sakan na DS3231 da ke fita ta ƙafarsa ta SQW a wata ƙafar, kod ɗin ba abin da yake yi sai ƙirga tazarar da ke tsakanin bugu biyun ya turo min. Ba komai don bod ɗin aunawar shi ma rezoneta gare shi, tunda GPS na gaya masa tsawon sakan na gaskiya kowane lokaci. In tazarar na ƙaruwa da maikirosakan 1 duk sakan, ppm 1 kenan, cikin sakan 1000 ta zama milisakan 1, ka ga abin da ke ɗaukar kwana goma ya dawo minti ashirin. Wlh ranar kamar yaro na zama, in hura masa iskar draya in ga lambobin sun karkace, in sakan 64 ta cika in ga ya dawo da kansa. Na gwada DS1307 ɗin ma haka, shi kam yana jin zafi sai ya tafi, ba ya dawowa sai ya huce.

Akwai rajista, wato ɗan gurbin ajiye lamba, a cikin DS3231, lamba 0x10, wadda aka tanada don tsufa, saboda kiristal yana ɗan canzawa da shekaru, a shekarar farko ma yana iya kai ppm 1. Duk 1 da ka ƙara a ciki tana rage gudu da kusan ppm 0.1, in ka sa lamba mai ragi ta ƙara gudu. Da ita na kashe ɗan kuskuren zaunen da ya rage, ba tare da kod ya riƙa cire sakan da tsakar dare ba. In ka canza ta kar ka yi gaggawar cewa ba ta aiki, sai ya sake auna zafi sannan take shiga, ko ka jira sakan 64 ɗin ko ka tilasta masa da kanka. Wani abin kuma, in za ka saita lokaci daga GPS, rubutun da ke faɗin ƙarfe nawa yana isowa ne bayan bugun PPS da ɗan jinkiri, to ka karanta rubutun, ka ƙara sakan ɗaya, ka jira bugu na gaba sannan ka rubuta. Kuma lokacin UTC, wato agogon GMT, yake bayarwa, mu sai an ƙara awa ɗaya.

Wani zai ce me ya hana ka yi gyaran zafin da kanka, ka manna tamista mai auna zafi a jikin kiristal ka sa wancan lissafin na 0.034 a kod? Ana yi, kuma in kana kan maikurokontirolan STM32 na zamani ma ya fi daɗi don RTC ɗinsa na da wurin gyara mai taku kusan ppm 1. Na gwada na ɗan lokaci kuma ya rage kuskuren sosai. Inda gizo ke saƙar shi ne 25 ɗin nan ba 25 ba ce cif a kowane kiristal, tana iya zama 20 tana iya zama 30, kuma a digiri 50 wannan bambancin ba ƙarami ba ne, in 20 ce ka rasa ppm 30, in 30 ce ka rasa 13.6 kawai. Sai ka auna kowane guda a zafi daban-daban kafin ka yarda da shi. In guda ɗaya kake yi don koyo, bismillah, za ka ƙaru. In goma za ka haɗa wa mutane, kuɗin DS3231 ya fi lokacinka araha.

Duk wannan maganar riƙe lokaci ce. In kuma aikinka na buƙatar bugun shi kansa maikurokontirolan ya zama daidai, kamar kana haɗa ma'aunin firikwensi ko harkar rediyo, to wata hanya ce. Kiristal na MHz yankansa daban ne, ana ce masa AT, ana yanka dutsen a kusurwar da ta ɗan haura digiri 35, kuma shi zafi ba ya jan sa ƙasa duka ɓangarori biyu, lanƙwasa yake kamar maciji, ya fi na agogo haƙuri. In bai isa ba sai TCXO, wanda ke gyara kansa, akwai masu ppm 2.5 har zuwa 0.5, ka shigar da shi ta ƙafar XTAL1 ka canza fiyus, wato saitin cikin IC, zuwa agogon waje. A kula, kana canza fiyus ɗin nan ba tare da bugu na shiga ba IC ya yi shiru kamar ya mutu, na taɓa kwana ina zaton na ƙona ɗaya. Kuma da yawansu bugun da suke fitarwa ƙarami ne, bai kai bolt 1 ba, ba zai tayar da ƙafar ba sai ka nemi mai fitar da CMOS ko ka sa abin ƙarfafawa. Sama da wannan sai OCXO, wanda dabararsa ta ba ni dariya da na fara karantawa: tunda zafi ke canza kiristal, sai a sa shi a ɗan tanda a riƙe shi da zafin da ya fi na waje kullum, wajen digiri 70 zuwa 80, kar ya motsa. Yana kai ka ƙasa da ppm nesa ba kusa ba, amma sai ya yi 'yan mintuna yana ɗumama kuma yana shan wuta da wat-wat, a kan ƙaramin batirin sola na masallaci wannan ba zance ba ne. Ni dai na riga na gina tanda ba da niyya ba, matsalar ita ce zafin tawa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Sauran hanyoyin da ake ambata ban ɓata lokaci a kansu ba. Ƙirga bugun wutar gida mai 50 a sakan yana aiki a Turai, amma ko can a farkon 2018 agogunan da suka dogara da shi sun yi baya da kusan minti shida saboda rikicin wuta tsakanin Sabiya da Kosobo, balle inda yanzu wutar layi ce, anjima janareta, da dare inbata. Tashar lokaci ta Jamus, DCF77, wajen kilomita 2000 take kaiwa, mu mun ninka hakan. Lokacin intanet ta ESP32, bod mai kama wayfai, yana da kyau ƙwarai in akwai wayfai, amma wa zai riƙa sa wa allon masallaci data duk wata.

Abin da ke can yanzu DS3231SN ne da aka cire masa rizistan caji, na fitar da fawa saflai daga akwatin na ba shi nasa gidan, mai walda ya huda min ramuka sama da ƙasa muka sa raga saboda ƙadangaru, muka sauko da allon daga kusa da kwano muka mayar da shi bangon da rana ba ta duka. Kod ɗin ya daina ƙirga lokaci da kansa gaba ɗaya, bugun SQW ne ke tashinsa duk sakan ya je ya tambayi RTC ƙarfe nawa. Kafin kowane azumi ina zuwa da GPS ɗin aro in duba, abin da nake tararwa 'yan sakanni ne.

Ranar da na gama na je na sami Malam Liman da murnata na ce Allah gafarta Malam, yanzu kam ko shekara aka yi ba zai kauce da minti ɗaya ba. Ya ce madalla, Allah ya yi albarka, amma akwai maganar da yake so mu yi, asubar allon ba ta zo ɗaya da ta kalandar da ke rataye a ɗakinsa ba, tsakaninsu minti shida ne. Gabana ya faɗi, na ce ba dai kuma ba. Na koma na duba, agogo lafiyarsa lau. Ashe ni na bar lissafin a kan cewa alfijir na ketowa ne in rana na digiri 18 ƙarƙashin sararin gabas, kalandarsa kuma irin lissafin Masar ta bi mai digiri 19.5, kuma a inda muke wannan digiri ɗaya da rabin kusan minti shida ne. Na ce to Malam wanne zan sa? Ya ce in bari tukuna, zai zauna da Baba Ladan da sauran dattawa bayan isha'i, in sun tsayar za su aiko a kira ni.